Kwandon Sadakar Arba'in

Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Mas, maigidana, yau ma kofi biyu na zuba shayi. Sai da na ajiye naka a kan benci na tuna. Na shanye duka biyun, ka san ba na son a yi asarar sukari.

Wannan littafin na 'yarmu Laras ne, na lissafi, na bara. Ta bar shafuka da yawa a baya. Tun da aka watse daga sadakar bakwai ba ni da wanda zan yi wa magana, shi ya sa na ɗauko shi. Kada ka yi dariyar rubutuna, ka san a aji shida na tsaya.

Yayanka, Kang Sobirin, ya zo jiya. Yana baranda, ni ina bayan labule. Ya sake maimaita mini: wata huɗu da kwana goma, ƙafata kada ta tsallake dokin ƙofa, ko kasuwa, ko bakin hanya. Na ce ai limamin masallacinmu ya ce in da lalura mai takaba tana fita da rana. Ya ce, "Limamin nan naku ɗan zamani ne. A gidanmu ba a yi." Na ce to, Kang.

Aiki dai har ɗaki yake samuna. Kinan ƙawar Laras ce ke kawo buhun gashin agwagwa daga shagon babanta, Haji Maksum, a bayan babur, ta kwashe kok, ƙwallon gashin nan na wasan badminton, da na gama ɗaurewa. Ina soka gashi a toto, ina ɗaurewa da zare, ina shafa gam. Hannu na yi, kai na wani wuri.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan la'asar

Laras da Kinan sun ɗaga ragar badminton ɗin nan da ka ɗaure tsakanin mangwaro da turken lantarki. Tun ranar da ka faɗi a bakin rijiya ba wanda ya taɓa ta, ta jiƙe ta yi nauyi. Kinan ce ta matsa. Ta ce gasar makarantun gunduma ta kusa, kuma koci ya ce su biyun ne fatan makarantar a wasan 'yan bibbiyu.

Ta taga nake kallo. Kinan ta ɗaga murya don in ji:

"Mak Sinah, me kike ba 'yar nan taki? Ƙafarta kamar an ɗaura mata turmi."

Laras ta ce, "Ji mai magana. Hannu kamar dafaffiyar taliya."

"Taliyar nan ce ke rufa miki asiri shekara uku, malama."

"Rufa asiri? Ni nake kashe wasa a bakin raga, ke kina baya kina haki kamar tsohuwar saniya."

Laras ta yi dariya, Mas. Har da riƙe ciki. Ban ji wannan dariyar ba tun kana nan.

Da suka gama na soya musu awara da barkono. Igiyar takalmin Laras ta kwance, Kinan ta durƙusa ta ɗaure mata, ba ta fasa surutunta ba. Ta gama ɗaurewa ba ta ɗauke hannunta da wuri ba. Na mayar da idona kan gashin da nake tsincewa.

Asabar, 18 ga Janairu, da safe

Ruwa tun asuba. Ban fita ba. Ina zan je.

Litinin, 20 ga Janairu, da azahar

Laras ta dawo tun ba a tashi makaranta ba. Ba sallama. Ta jefar da jakar raket a bakin ƙofa ta shige ɗaki ta sa sakata. Na buga na ce, "Nok, 'yata, ciwon ciki ne?" Ta ce e.

Kinan ba ta zo da gashi ba.

Talata, 21 ga Janairu, da yamma

Maƙwabciyarmu Yu Tumirah ce ta kawo buhun yau. Ta ce daga yanzu ita Haji Maksum ya ce ta riƙa kawowa. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta sha shayi, ta yi maganar tsadar albasa, ta yi maganar gwiwarta. Na san ba albasa ce ta kawo ta ba.

Can ta ciro waya daga zaninta.

"Sinah, ke da ba kya fita, gara ki ji daga bakina da ki ji daga bakin maƙiya. Duk unguwa an gani. Har mai sayar da gas."

Hoto ne a cikin motar makaranta, ranar da suka dawo daga wasa a Pekalongan. Wata 'yar ƙungiyarsu ce ta ɗauka. Yara biyu, Laras da Kinan, suna barci, kai a kan kafaɗa, hannu cikin hannu. Na ce to mene ne, yara sun gaji. Ta ce in karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Na karanta. Ba zan rubuta kalmar a littafin nan ba.

Ta ce, "Akwai na biyu, a bayan ɗakin wasa." Na ce mayar da wayarki, Yu.

Ta rage murya. "Wai ba ƙawance ba ne, Nah. Wai son juna suke, irin son da saurayi ke wa budurwa. Ni dai ban ce ba, cewa aka yi."

Na ce shayinki zai huce.

Da ta tafi na zauna da gashi a cinya har aka kira magariba. Ban soka ko ɗaya ba.

Laraba, 22 ga Janairu, da hantsi

Makaranta ta aiko a zo. Uwa ko uba. Uba yana ƙasa, uwa tana bayan labule.

Na sa mayafina, na sa takalmi, na tsaya a dokin ƙofa. Sai ga Sobirin a babur, da hularsa ta zuwa taro. An riga an gaya masa. Ya kalli ƙafata. Ya ce, "Koma ciki. Ni ne ubanta yanzu."

Na koma.

Ga shi ana can ana maganar 'yata, ni ina nan ina kallon ƙadangare a bango.

Laraba, bayan la'asar

Ya dawo. Bai zauna ba.

An raba su. Haji Maksum ya cire Kinan daga wasa gaba ɗaya, ya ƙwace wayarta, yayanta ne zai riƙa kai ta makaranta yana jira a bakin ƙofa har a tashi. An sauya mata aji. Laras kuma koci zai haɗa ta da wata yarinya, don ya ce ba zai yi asarar gasar ba. Wadda ta ɗauki hoton an ja mata kunne kawai.

Sai ya ce, "Amma wannan duk na ɗan lokaci ne. Na yi magana da wani malami a can gabas, bayan Kediri. Makarantar kwana ce ta addini, ta mata zalla, ba waya, ba wasan tsalle-tsalle da gajeren wando. Washegarin sadakar arba'in zan kai ta. Za su gyara ta."

Na ce, "Kang, yarinyar nan ubanta bai yi wata ɗaya ba."

"Shi ya sa. Da yana raye da kunyar nan ta kashe shi."

Na so in ce wani abu a kan wannan. Bakina ya ce to, Kang. Ka san bakina. Shekara ashirin yana ce wa gidanku to. Kuma ƙasar da ɗakin nan yake a kai ta gidanku ce, bai faɗa ba, amma ya daɗe yana kallon rufin kafin ya hau babur.

Laras na bayan ƙofarta. Ta ji komai.

Juma'a, 24 ga Janairu, da safe

Laras ta ci cokali biyu. Na ƙirga, Allah ya yafe mini.

Lahadi, 26 ga Janairu, da azahar

Ruwa. Ragar ta sake faɗuwa. Ban fita na ɗaga ta ba.

Talata, 28 ga Janairu, da yamma

An dawo mini da aikin mako guda cur. Tun ina budurwa nake ɗaure kok a garin Tegal, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba.

Yu Tumirah ta zazzage su a tabarma. "Haji ya ce wai ko idonki ya fara mutuwa? Duk wanda aka buga sai ya riƙa layi kamar mashayi."

Na ɗauki ɗaya na juya shi a haske. Na gauraya gashin, Mas. Na fiffiken dama da na hagu a kok ɗaya. Ni da ko cikin duhu ina gane su da ɗan yatsa. Kai ma ka sani, ko yaron da ya fara jiya ya sani, na dama da na dama ake haɗawa, na hagu da na hagu, in ba haka ba ba ya juyawa daidai a iska. Ashe kwandunan biyu na juye wuri ɗaya ranar da aka kawo wayar nan, ban ma sani ba.

Yu Tumirah ta ce, "Ki yi haƙuri, kowa ya san halin da kike ciki."

Wane daga ciki, na ce a raina.

Na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Gam ya cinye mini farce.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan la'asar

Koci da kansa, Pak Gunadi, ya kawo Laras a babur. Idonta na hagu ya kumbura ya rufe, ya yi baƙi kamar ɗanyen gauta da ya ruɓe. Ya ce sun biya ta wurin likita, idon bai fashe ba, amma ba wasa sai an ga hali. Gasa kam babu ita. Ya tsaya a baranda yana juya makullin babur a hannu.

Ya ce, "Bu, ni ban taɓa samun 'yan bibbiyu irinsu ba. Ba sa ko magana a fili, kowa ta san inda 'yar'uwarta take. Amma ni ma ƙarƙashin wasu nake." Na ce na gode da ka kawo ta.

Na dafa ruwa da ganye ina gasa mata. Ta kwanta a cinyata kamar tana 'yar shekara biyar. Na ce yaya aka yi.

Ta ce, "Waiwayawa na yi, Mak."

Ka tuna yadda kake yi mata ihu a tsakar gida tun raket ya fi ta tsawo? Ta gaba ba ta waiwaye, Nok, ta gaba ba ta waiwaye, ta baya za ta fasa miki ido.

Ta ce, "Shekara uku ban taɓa waiwayawa ba. Ina jin ƙarar takalmin Kinan na san inda take. Wannan sabuwar ba na jin ta. Kok ya wuce ta kaina, na ji shiru a bayana, sai na juya in ga ko da mutum."

Ba ta yi kuka ba. Idon ne kawai yake zubar da ruwansa.

Juma'a, 31 ga Janairu, da hantsi

Ba ta je makaranta ba. Ban ce ta je ba.

Yanzu mu biyu ne ba ma fita.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da yamma

Laras ta zo ta zauna kusa da ni tana taya ni tsince gashi. Da ido ɗaya ma ta fi ni sauri. Sai ta ce, ba ta ɗago ba:

"Mak, ba ki tambaye ni ba."

Na ce me zan tambaya.

"Ko gaskiya ne."

Na ce miƙo mini zare.

Ta miƙo. Ta ce, "Gaskiya ne. Ina son ta. Ita ma tana sona. Na yi azumi a kai, na yi salla a kai tun ina aji ɗaya na sakandare, bai tafi ba. Ba wanda ya koya mini. In Pakde Sobirin ya kai ni can zan yi duk abin da suka ce, zan haddace duk abin da suka ba ni, amma in na dawo na ce miki ya tafi, ki sani ƙarya nake yi miki. Gara in gaya miki tun yanzu."

Shekararta goma sha shida, Mas. Ta faɗe shi kamar mai karanta sakamakon asibiti.

Zaren ya yi ta kuɓuce mini. Ina so in rungume ta, ina so in mare ta, ina so in tashi in fita in yi ta tafiya har bakin teku. Abin da na ce shi ne, "Idon yana miki zafi har yanzu?"

Ta kalle ni da mai lafiyar. Ta ce, "A'a, Mak." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sa sakata ba, amma ni ma ban bi ta ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan asuba

Na idar da salla na ɗaga hannu ban san me zan roƙa ba. In na ce Allah ya cire mata, sai in ga fuskarta ranar da suke dariya a ƙarƙashin mangwaro. In na ce Allah ya bar mata, sai tsoro ya kama ni. Ni ba malama ba ce. Ban san hukuncin ba sai abin da nake ji a lasifika. Na dai san nauyinta ranar da aka ɗora mini ita a ƙirji.

Kai ka sani? Ina ta tunanin ranar nan da damina ta bara, da muka dawo daga biki muka same su sun yi barci a gaban talabijin. Ka tsaya ka kalle su. Ka ɗauko zanina ka lulluɓe su duka biyun, ka rage ƙarar, ka ce mini, "Yi a hankali da ƙofar." Ba ka ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mun iya rashin tambaya, ni da kai.

Yanzu ga shi ka tafi da amsar.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da azahar

Matar Sobirin ta kawo akwati da dogayen riguna uku, masu ruwan toka. Ta ce Laras ta gwada. Ta gwada. Hannun rigar ya rufe mata yatsu.

Matar ta ce, "Kin ga yadda kika yi kyau? Kamar mutuniyar kirki."

Laras ta ce, "Na gode, Bude."

Wannan na gode ɗin ya fi mini ihu ciwo.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa. Laras ta ba ɗan Yu Tumirah takalmin wasanta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Yau ake gasar. Motar makaranta ta wuce ta bakin hanya, yara na buga ganga da robar ruwa suna waƙa. Laras tana wanke tukwanen da za a yi girkin sadaka. Ta ƙara buɗe famfo har motar ta yi nisa.

Akwatin yana bayan ƙofa. Duk inda na juya a ɗakin nan sai na yi tuntuɓe da shi.

Jibi arba'in. Gata mota.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan la'asar

Mata sun cika bayan gida, ana kankare kwakwa, ana yanka albasa, ana goge ganyen ayaba. In Laras ta shigo hira ta mutu, in ta fita ta tashi. Wata ta ce wa 'yarta ta dawo kusa da ita ta zauna. Na gani. Laras ma ta gani.

Yu Tumirah ce ta fasa shirun. Ta ce wa matar, "Ke, ba mura ba ce, ba a ɗauka a iska. Miƙo wuƙar nan." Aka yi dariya kaɗan. Bakin Yu Tumirah ba shi da ƙofa, ta kowane gefe yake buɗewa. Yau dai ta gefena ya buɗe.

Da muka rage mu biyu a bakin murhu ta ce, "Ni abin da ke damuna ke ce. In an tafi da yarinyar, wa zai kwana da ke har wata uku? Wa zai yi miki cefane? Ni ga gwiwa, ga jikoki. Mai takaba ita kaɗai a gida, ko a zamanin kakata ba a yi. Mutane za su yi magana."

Na ce mutane ba sa gajiya.

Amma maganar ta zauna mini. Ina juya shinkafa tana juyawa.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da azahar

Ka yi haƙuri da rubutun.

Da hantsi maza suka zo shimfiɗa tabarmi da ɗaura rumfa. Liman yana nan, da mai unguwa, da Sobirin yana nuna inda za a sa lasifika. Ya matso bakin labule ya ce, "Gobe bayan asuba mota za ta zo. A shirya ta."

Ban rage murya ba. Da gangan.

Na ce, "Kang, ina da tambaya a gaban liman. Kai ka ce ƙafata kada ta tsallake dokin ƙofa, kuma ban tsallake ba, ko ranar da makaranta ta kira ni. Haka ne?"

Ya ce haka ne.

"To in ka tafi da Laras gobe, wa zai sayo mini shinkafa? Wa zai kwana da ni? Mace mai takaba ita kaɗai a gida a bakin hanya, a gidanku ana yi?"

Masu ɗaura rumfa suka daina buga guduma.

Ya ce matarsa za ta riƙa leƙowa. Daga bayan gida matar ta ɗaga murya, "Ni? Da uwata a kwance ba ta ko juyawa? Ka raba ni biyu mana."

Na ce, "Ko kai za ka riƙa shigowa kana kwana a falo, Kang?"

Wani ya yi tari. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Allah ya yafe mini, ban taɓa yi wa namiji magana irin wannan ba, balle yayanka, balle ranar sadakarka.

Liman ya ce a hankali, "Pak Sobirin, ɗaya za a zaɓa. Ko a bar ta ta riƙa fita lalurarta, ko a bar mata 'yarta."

Na san Sobirin ba zai janye ta farko ba, ya faɗe ta a gaban mutane da yawa. Ya ce, "Har ta gama takaba. Rana ɗaya ba za a ƙara ba."

Na ce, "In na gama zan zo gidanka da ƙafata, mu yi maganar a zaune."

Ban ci nasara ba, Mas, na sani. Wata uku na saya, da ɗaurin da aka yi mini na saya. Bayan nan ban san da me zan saya ba.

Laras tana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Na ce, "Me kike kallo? Tura akwatin nan ƙarƙashin gado, yana tare hanya."

Litinin, gab da magariba

An cika kwandunan sadaka da la'asar: shinkafa, taliya, dafaffen ƙwai, soyayyen tempe na waken suya, yankan kaza, ayaba ɗaya. Na waɗanda za su zo addu'a an jera su a falo. Na manyan unguwa kuwa kaiwa ake yi har gida. Yu Tumirah ta miƙa hannu ga na gidan Haji Maksum ta ce, "Wannan ni zan kai, hanyata ce."

Na riƙe kwandon. Na ce, "Tun yaushe maƙwabciya ke kai wa Haji? Ɗan mamaci ne ke kai wa manya, da hannunsa. Mijina Kasmuri ɗa ɗaya ya bari."

Ta ce, "Nah, za su kore ta."

Na ce, "Kin taɓa jin gidan da aka mayar da sadakar mamaci?"

Na kira Laras. Na gyara mata ɗankwali ya ɗan rufe idon. Na sa mata kwandon a hannu na ce, "Ki yi sallama da kyau. Ki ce a yi wa babanki addu'a. Kada ki shiga in ba a ce ki shiga ba." Ta kalle ni, ta kalli kwandon. Na ce tafi kafin shinkafa ta huce.

Na tsaya a dokin ƙofa, yatsun ƙafata a kan katakon, har ta sha kwana. Ban koma ciki ba. Mata na kirana ana neman ludayi, na ce su duba.

Ta dawo tana tafiya a hankali, hannu babu komai. Ta ja ni ɗaki ta rufe.

Ta ce Bu Haji ce ta buɗe, uwar Kinan. Ta tsaya a ƙofa ta kalle ta tun daga kai har ƙafa, ta kalli idon, ta kalli kwandon. Haji yana shago. Laras ta faɗi abin da na ce ta faɗa. Laras ta ɗauka rufe ƙofar za a yi. Sai matar ta juya ciki ta ce, "Kinan! Zo ki karɓi sadakar Pak Kasmuri, hannuna duk kifi ne." Ta koma kicin.

Na ce sai me.

"Sai Kinan ta fito. Ta rame, Mak. Ta kama kwandon ta gefe ɗaya, ni ina riƙe da ɗayan. Ta ɗaga ganyen ta leƙa, ta ce, ƙwai ɗaya tak? Gidanku dai rowa."

"Ke kika ce me?"

"Na ce in ba kya so kawo."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Muka tsaya. Ba ta saki ba, ban saki ba. Har babarta ta yi gyaran murya daga ciki."

Ta zauna a bakin gado tana murza tafin hannunta inda kwandon ya yi mata shaida. Can ta ɗago.

"Mak, na ga hannun Bu Haji da ta buɗe ƙofa. A bushe yake."

Na zauna kusa da ita. Shekara da shekaru ina karɓar aiki daga gidan nan, ni da matar ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Ashe ita ma tana can bayan nata labulen.

Maza sun fara taruwa, ina jin takalma a baranda. Laras ta tashi ta wanke fuska za ta kai musu shayi. Sobirin ne a kan tabarmar farko, dole ta fara miƙa masa.